Ranar da Na Sa Hular Almu

Talata Mafara,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kun sauka lafiya kai da abokinka Lawali, kun iske masaukinku lafiya, gajiyar mota ta sake ku. Ina baƙunta, ina ruwan can, ina abincinsu? Allah shi sa kun shiga garin a sa'a, shi tsare ku daga sharrin mutum da sharrin ƙarfe. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ɗaure maka ya zube cikin kaya, don ba ta yarda da ledar ba.

Ka san ban yi boko ba, ba ni kuwa da niyyar farawa yanzu. Malam Sahabi maƙwabcinmu ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na ce mishi ya rubuta yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara mini magana yadda ya saba gyara ta 'yan makaranta lokacin da yake koyarwa. Ya ce mi zai hana in kira ka a waya. Numfashina ne ba ya kai ni ƙarshen doguwar magana, sai na tsaya na huta, kai kuwa da ka ji na yi shiru sai ka ce, "To Baba, sai an jima." Takarda ba a katse ta. Direban da ke tashi gobe daga tasha zai kawo maka, ya kuma yi mini alkawari za ta shiga hannunka kafin Litinin, ranar da kunka ce kamfanin fasa dutsen zai gwada ƙirjinku kafin ya ɗauke ku.

Ba ka shawarce ni ba kafin ka yanke wagga tafiya. A bakin mai shayi na fara jin ta. Wannan na aje shi gefe, ban manta ba, amma ba shi ne ya sa na zaunar da Malam Sahabi ba.

Abin da ya sa shi ne maganar da Lawali ya yi a zaure ranar Talata da safe, kuna sallama da ni. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a sa mana albarka. Abin da ka yi wa babana, shi Attahiru zai yi mini ranar gwaji. Zai busa da sunana." Yana faɗa yana murmushi, kai ma kana murmushi, kuna jira in yaba muku. Na ce Allah shi kiyaye hanya. Iyakar abin da ya fito ke nan. Kunka ɗauki jakunkunanku, na bi ku da ido har kwanar masallaci, na ga Lawali ya aje jakarsa a wurin ya dafa bango yana mai da numfashi, kai ka ɗaukar mishi. Daga zaurenmu zuwa kwanar nan taku nawa ne?

Labarin da kuke son ku maimaita ni na ba ku shi. Na ba da shi a majalisa, na ba da shi a wurin suna, na ba da shi ranar bikinka. To ban taɓa ba da shi duka ba. Yau za ka ji shi duka.

Lokacin da ruwan dam ya ci gonar ubana, ban da abin da zan kama sai ƙarfina. Na yi dako, na yi yankan shinkafa a gonakin mutane, daga baya anka buɗe wurin fasa dutse a bayan Maradun, ana niƙa tsakuwar aikin hanya. Can na haɗu da Almu, uban Lawali, mutumin Birnin Tudu. Shi yana riƙe injin huda dutse, inda ake cusa nakiya, ni ina bakin injin niƙa. Wuraren nan biyu su ne sunka fi ko'ina ƙura, su ne kuma ake ce wa aikin maza. In munka tashi da yamma ba ka gane baƙi da fari, duk mun zama launi guda, girarmu fara, gemunmu fari. Almu yakan dube ni ya ce, "Sannu tsoho, ina jikoki?" alhali lokacin ko furfura guda ba ni da ita.

An ba mu takunkumi na rufe hanci da baki. Ni na fara cewa ni ba jaki ba ne da za a sa mini takunkumi, mutane sunka yi dariya, sunka bi ni. Nawa a wuya yake kwana, sai in helima, mai duba aikinmu, ya doso in ja shi sama, in ya wuce in sauke. Gaskiya yana da zafi, yana hana ka hira, zufa tana taruwa ciki. Amma duk wanga zafi bai kai kwatankwacin abin da nake ji yanzu in na tashi daga sujada ba. In an ba ka naka, ka sa shi ya kama fuska sosai, ba ratayawa ba. In ya toshe ko ya yage ka je ka ce a sake maka, ko za su harare ka. Ƙyalle ko rawani ba ya tare ƙurar dutse. Wadda kake gani da ido ba ita ce mugunyar ba, akwai wata 'yar ƙarama da ba a gani, ita ke wucewa har ƙasan huhu.

Kuma muna da abin da munka dogara da shi, madara. Duk wanda ya yi aikin dutse a ƙasarga ya san wannan. Ka tashi aiki, ka huda gwangwani ka shanye, ko ka sami Bafilatana ta dama maka nono, a ce ta wanke ƙurar. Mun yarda da wannan kamar yadda munka yarda gobe rana za ta fito. Shekaru da yawa bayan haka wani likita ya ce mini madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, hanyarsu ba guda ba ce. Na yi mishi gardama, na ce shi yaro ne, bai taɓa riƙe shebur ba. Har yau ban ji daɗin yadda ya yi mini dariya ba. Amma gaskiyarsa ce. Ka sha madararka don daɗi, kada ka sha ta a madadin takunkumi. Abin da ke kashe ƙura ruwa ne a kan dutsen, tun kafin ta tashi. In ka ga ana huda dutse a bushe, ko ana shara a bushe, ka yi magana. Kayan aikinka kuma ka tuɓe su can, kada ka kakkaɓe su a ɗakin da kuke kwana.

Yanzu ga maganar algaita. Haka muke kiran abin busawar nan da ma'aikatan lafiya ke zuwa da shi sau biyu a shekara. Za ka gan shi ranar Litinin. Su zaunar da kai, su matse maka hanci da wani ɗan maƙali, ka cika ƙirjinka da iska iyakar iyawarka, ka kama bututun da baki ka busa da ƙarfi har sai ka ji ba sauran kome a cikinka. Sau uku ake yi. Su rubuta abin da ya nuna a katinka. In sunka ga ya yi ƙasa da na zuwan baya, sai su tura ka hoton ƙirji a asibiti, su kuma ce wa helima ya ɗauke ka daga ƙura.

Mu a wurinmu wannan kora ce da kunya. Akwai wani Garba Dogo, mutumin Damri, da busarsa ta faɗi, anka mai da shi bin tankar ruwa yana jiƙa hanya. Mun hana shi sakat. In ya wuce sai mu ce, "Ga mai ba furanni ruwa." Ni na fi kowa baki a kansa. Ya daina cin abinci tare da mu.

Kuma su ma'aikatan ba su taimaki kansu ba, wannan sai na faɗa, Malam Sahabi ka rubuta. Suna zuwa da farar mota, su yi ta Turanci a kanmu kamar ba mu wurin. Wata malama daga cikinsu in ta yi mini bayani sai ta ce, "Ka gane? Ka gane, Baba?" har sau uku, kamar tana magana da ɗan yaye. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga amfanin abin nan gare ku. Shi ya sa munka ɗauke shi tarkon kamfani. Amma rashin iya maganarsu bai mai da na'urar maƙaryaciya ba. Wannan ne ban raba ba. Na ji haushin mai riƙe da abin, sai na ƙi abin. Kai in an gwada ka, ka ce a faɗa maka da Hausa abin da anka gani. In sun yi maka girman kai ka haɗiye, ka sake tambaya. Ƙirjinka ne, ba nasu ba.

Ni dai busata ba ta taɓa faɗuwa ba a shekarun nan. Har suna anka sa mini, Bawa Mai Ƙirji. In na busa, sai mai riƙe da na'urar ya ɗago kai ya dube ni.

Almu ne ya fara tari. Busasshen tari, ba kaki, ya fi yawa da safe. Sannan ya zama in mun hau dutse sai ya tsaya a tsakiya wai yana gyara takalmi. Ana sauran kwana biyu masu algaita su zo, muna cin ɗanwake gindin wata tsamiya, ya ce mini, "Bawa, wanga karon ba ni tsira. Jiya na gwada hura wutar Kulu, sai da na zauna." Kulu ita ce matarsa, uwar Lawali. Ya ce in anka mai da shi tankar ruwa ba ya iya haɗa ido da mutane, gara ya bar aikin, kuma in ya bari bai san abin da zai kai gida ba.

Ni na kawo dabarar, ba shi ba. Wannan ma ban taɓa faɗa ba, kullum cewa nake shi ya roƙe ni. Su ma'aikatan nan ba su san fuskokinmu ba, kowane zuwa da sabbin mutane, kuma dukanmu fari fat da ƙura. Da lambar da ke jikin hular kwanonka ake kiran ka. Na ce mishi, "In na busa tawa da safe, sai ka ba ni hularka in koma layi bayan azahar."

Ya ce, "Ba haramun ba ne?"

Na ce, "Haramun shi ne a raba mutum da abincinsa saboda wata algaita."

Ya yi dariya har tarin ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "To kada ka cika ƙarfi. In sunka rubuta na koma saurayi, Kulu ba ta barin in fita kasuwa."

Haka anka yi. Na sa hular Almu, na zauna, anka matse mini hanci, na busa, na ɗan rage kaɗan. Mai na'urar ya duba katin ya ce, "Madalla, Malam Almu, ka ma fi na baya." Ya rubuta. Na fito ina jin kaina kamar na ciro mutum daga rijiya. Da yamma Almu ya sayo mana tsire.

Sau huɗu na yi mishi haka, shekara biyu ke nan. Shekara biyu katin Almu yana cewa ƙirjinsa lafiya lau, shi kuwa yana tsaye kan injin huda dutse, ƙura tana tashi daidai hancinsa. Tun da busarsa ba ta faɗi ba, ba a taɓa tura shi hoto ba. Ya rame har ɗamararsa ta zagaye shi sau biyu. Ya ce mini yana tashi ya iske tabarmarsa jiƙe da zufa. Na ce ciwon shawara ne, na kai shi wurin mai magani a kasuwar Jangebe, anka haɗa mishi saiwoyi. Ranar da ya faɗi a bakin aiki, da anka kai shi asibiti, likitan ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ɗaga katin, ya duba wannan ya duba wancan, ya ce ba mutum guda ba ne. Ina tsaye a wurin. Ban ce uffan ba. Bai kai damina ba ya rasu, Allah shi jiƙansa, shi kai haske kabarinsa. Lawali lokacin bai fara azumi ba.

Helimanmu ko gaisuwar mutuwa bai zo ba. Kamfanin kuwa, da aikin hanya ya ƙare, sunka kwashe injinansu sunka tafi, ba sallama. Shekara da shekaru a kansu nake ɗora mutuwar Almu, kuma har gobe ina cewa suna da nasu kason, don sun san abin da ƙurar nan ke yi tun kafin mu sani. Amma su sun kawo abin da zai nuna ciwon, ni na rufe mishi ido.

Bayan rasuwarsa ban sake zama gaban algaita ba. Ran da za su zo sai in ce ina da suna, ko innarka ba ta da lafiya. Cewa nake na raina su. Tsoro nake ji. Na ƙara shekara huɗu a bakin injin nan ba wanda ya san halin da ƙirjina ke ciki, har ni. Da na bar aikin na ɗauka na tsira, tun da na fita da ƙafafuna. Ashe ciwon nan ba ya tsayawa don ka bar dutse, yana ci gaba da aikinsa a hankali. Wannan ka riƙe: ko bayan ka bar aikin, ka riƙa kai ƙirjinka ana dubawa.

Shekara uku da sunka wuce, ka tuna, kai da innarka kunka tilasta mini zuwa asibiti, na yi kwana biyu ba na yi muku magana. Ka tsaya waje wurin karɓar magani, ni ina ciki da likita, shi wancan mai dariyar madara. Ya nuna mini hotona, ya ce waɗannan fararen ɗigon dutse ne ya zauna, ba ya fita, ba maganin da ke narkar da shi. Ya tambaye ni katina na wurin aiki, ya ce da ya ga busata ta farko da ya san yawan abin da na rasa da kuma saurin da yake tafiya. Na ce kati yana hannun kamfani, kamfani kuwa Allah kaɗai ya san inda yake. Don haka duk gwajin da anka yi maka, ka nemi taka takardar, ko ka ɗauke ta hoto da wayarka, ka adana. Ta ranar Litinin ta fi kowace muhimmanci, da ita za a riƙa auna duk na bayanta. In ta farko ƙarya ce, duk abin da ya biyo ta ya lalace.

Sai na yi mishi wata tambaya, na ce wani na sani, ba ni ba. Na ce in mutum busarsa ta faɗi, anka gane da wuri, mi zai canza, tun da kun ce ba magani? Ya ce abubuwa biyu. In an janye shi daga ƙura, ba a ƙara wa huhun kaya, sau da yawa yakan daɗe yana morar abin da ya rage mishi. Kuma huhun da dutse ya ci, tarin fuka yana saurin hawa kansa, shi kuwa tarin fuka yana da magani in an kama shi. Ya ce alamarsa rama, da zufa cikin barci, da tarin da ya ƙi ƙarewa, gwajin kaki kawai ake yi a gane. Yana lissafawa ina ganin ɗamarar Almu.

Garba Dogo, mai ba furanni ruwa, yana nan da ransa. Na gan shi bara a kasuwar Damri yana sai da albasa, ya zo bisa keke. Yana tari, amma ya aurar da 'ya'yansa duka, ya je Makka. Ya gaishe ni da kyau, ya ƙara mini albasa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Malam Sahabi ya aje biro nan ya ce mini ajali ba ya gaba ba ya baya. Na sani, ban yi jayayya da wannan ba. Kwanan Almu ya ƙare ranar da Allah ya rubuta. Amma ba a kan kwanansa za a tambaye ni ba, a kan abin da na yi za a tambaye ni.

Ga kuma wanda ya fi duka muni, don shi da sanina na yi shi. Tun daga ranar da likitan nan ya yi mini bayani na san gaskiya, amma ban daina ba da labarin ba. Shekara uku ina sane. In an zauna a majalisa ana maganar abota, sai wani ya ce, "Bawa, ba su labarin hular Almu," ni kuwa in gyara zama. Yanzu da ba ni iya ɗaukar buhu, ba ni iya noma kunya biyar ban zauna ba, labarin nan shi kaɗai ya rage mini da ake girmama ni da shi. Na ƙi sakin sa. Ban san kuna gefe kuna haddacewa ba.

To ka saurara, Attahiru. Lawali ya yi shekara shida a daji yana niƙa dutsen zinari, a rumfar da ko taga babu, ba takunkumi, ba ruwa, ba wanda ya taɓa gwada shi ko sau guda. Tarinsa na san shi, na taɓa jin irinsa gindin tsamiya. In ka busa mishi ranar Litinin za su ɗauke shi, su ga ƙirji mai kyau a takarda, su kai shi inda ƙura ta fi yawa, don can ake kai masu ƙirji. Bayan wata shida zai sake kawo maka takardarsa, ba ka kuwa iya ƙi, tun da ka fara. Na san hanyar nan har ƙarshenta.

Ka bar shi ya busa da bakinsa, da sunansa. Ka raka shi, ka zauna kusa da shi. In busar ta yi kyau, alhamdu lillahi, ni ne na yi kuskuren ji, ku yi aikinku. In ba ta yi ba, kada ku tsaya jin haushi, ka ce su rubuta muku takardar hoton ƙirji da gwajin kaki, ka kai shi da kanka, don shi kaɗai ba ya zuwa. Zai yi fushi. Zai ce ka ci amanarsa, zai ce ubanka ya fi ka. In ya faɗi haka, ka ba shi wagga takarda ya karanta tun daga sama. Ban ɓoye mishi kome ba.

Kuma ka ce mishi ba hannu wofi zai dawo ba. Gonar fadamar nan ta bakin kwata, wadda ka bari ka tafi, tana nan ba mai aikinta, ni ba ni iyawa. Ya zo ya kama ta, ya sa dankali da albasa, abin da ya fito nasa ne. Ba ƙurar dutse a wurin, sai laka da sauro. Ƙanena ya riga ya fara zagaye ta yana cewa a ba shi aro, na ce mishi ya jira in mutu tukuna.

Jiya Laraba bayan la'asar na hau mashin na tafi Birnin Tudu wurin Kulu. Rabona da gidan tun sadakar arba'in. Na yi sallama, anka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta zo ta zauna daga bakin ƙofa ta ciki. Mun daɗe muna gaisawa, ta tambayi innarka, ta tambayi jikina, ta ce ta ji yaran sun sauka. Ta sa anka kawo mini fura. Ban sha ba. Na faɗa mata duk abin da na faɗa maka nan, da cewa dabarar tawa ce, da maganar likita, da abin da kuke shirin yi ranar Litinin. Na tsaya hutawa ya fi sau biyar, ba ta katse ni ba.

Da na gama sai ta ce, "Malam Bawa, duk shekarun nan in yara sunka tambaye ni wane ne aminin ubansu, sunanka nake faɗa."

Na ce na sani.

Ta ce, "Shekara uku ka san wannan, kana kallon Lawali yana tafiya daji yana dawowa."

Na ce haka ne. Na ce na zo ne ta yafe mini.

Ta ce, "Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ɗana guda ne namiji. In ya shigo zauren nan da ƙafafunsa, ya faɗa mini da bakinsa abin da likita ya gani a ƙirjinsa, nasa ba na wani ba, to ka dawo mu yi wagga magana. Sha furarka, hanya da nisa."

Na sha. Na dawo gida kafin magariba.

Ka san ni, Attahiru. Ban roƙi helima ba, ban roƙi kamfani ba, da ruwa ya ci gonarmu ban je ƙofar kowa na durƙusa ba. Innarka ta ce ko gishiri ya yi kaɗan a miya gara in ci haka da in ce a miƙo mini. To yau ina roƙon ka. Ba umurni nake ba ka ba, don na ga umurnina ba ya nisa da kai. Roƙo ne. Ranar Litinin ka busa sau uku da sunanka, ka tashi, ka ba Lawali kujerar.

Allah shi tsare ku a inda kuke, shi tsare fitarku da shigarku, shi raba ku da sharrin dutse da na inji da na hanya. Allah shi ba ka abincinka ta halal, shi bar maka numfashinka har tsufa. Allah shi ba Lawali lafiya, shi sanyaya zuciyarsa a kanka da kaina. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka gai da mai masaukinku da kyau. Malam Sahabi yana gaishe ka, ya ce hannunsa ya gaji.

Ranar Litinin zan zauna a zaure da wayar innarka tun daga hantsi. Ko mi anka gani, ka kira. Ba sai ka yi doguwar magana ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Bawa.